Tsofaffin Kuɗin Waje a Cikin Gado: Ƙimantawa, Rabawa da Sayarwa



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala wadda take ƙarama a ido, amma takan bar dauɗa a zukatan magada shekara da shekaru. A gidajen tsofaffin fatake da alhazai da tsofaffin sojan Faransa, a Damagaram ko Maradi ko Tasawa ko Tawa ko Birnin Ƙonni, idan maigida ya riga mu gidan gaskiya aka buɗe adakarsa, sau da yawa akan tarar da wani ƙunshi a ƙarƙashin riguna, cike da tsofaffin sulalla na ƙasashen waje. Gona da gida da bisashe, waɗannan akan kira malami a yi lissafinsu dalla-dalla. Shi kuwa ƙunshin nan sai babban wa ya sa a aljihu, ya ce ai kuɗin da ne, ba sa tafiya a kasuwa, zai ajiye don tunawa da tsoho. Kowa ya yi shiru saboda kunya. Bayan wani lokaci sai a ji ya sayar, ko kuma a ji wani dillali ya karɓe a hannunsa da abin da bai taka kara ya karya ba. To mene ne hukuncin wannan ƙunshi, wa ke da ikon faɗin darajarsa, kuma ya halatta wanda ya sani ya ci ribar rashin sanin wanda bai sani ba?

Ya kamata mu fara sanin abin da ke cikin ƙunshin, domin ba a yin adalci kan abin da ba a san ko mene ne ba. Wanda aka fi samu shi ne liyari, wanda wasu ke kira riyal: babban sule na azurfa mai hoton wata mace a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya. Wannan kuɗi ya ƙetaro hamada a hannun fatake tun ana ciniki da wuri. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdul Karim, ya tarar a Kano a shekarar 1851 ana canja guda ɗaya da wuri 2500. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfar da ke cikinsa zalla kuwa ta kai kamar giram 23 da rabi. Da shi maƙeran fari suka daɗe suna ƙera mundaye da zobba da kayan adon Agadas, shi ya sa ma da yawa suka ƙare a wuta. Bayansa akwai tsohuwar dala ta azurfa, wato tamma biyar ta Faransa mai nauyin giram 25, wadda ta yaɗu bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899 suka ɗora haraji da kuɗinsu. Ita ce ta bar mana sunan da muke lissafi da shi har yau. Akwai kuma kuɗin Ingilishi da ƴan kasuwarmu suka riƙa kawowa daga Katsina da Kano a zamanin cinikin gyaɗa: sule da sisi da taro da kwabo mai huda. Wani lokaci, in tsohon mai hali ne, akan tarar da ɗan ƙaramin sule ja na zinariya, ko dai tamma ashirin ta Faransa ko fam na Ingila, ko riyal na azurfa da aka zo da shi daga Makka.

Duk waɗannan tarika ne. Babu bambanci tsakaninsu da saniya ko buhun gero. Abin da mamaci ya bari, bayan an fitar da hidimar jana'izarsa, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa cikin sulusi, ya zama haƙƙin magada bisa rabon da Allah Ya yi da Kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Cewa kuɗin ba ya tafiya a kasuwa ba ya fitar da shi daga zama dukiya, tun da akwai mai biɗarsa da farashi. Haka kuma zama babba a gida ba ya ba mutum ko anini fiye da rabonsa. Wanda yake son ya riƙe liyarin mahaifinsa don ƙauna, ba laifi, abu ne mai kyau. Sai a ƙimanta, a lissafa a cikin rabonsa, ko kuwa sauran magada baligai su yafe masa da daɗin rai. Amma shirun da ƙanwa ta yi a gaban wanta don nauyin baki, wannan ba yafewa ba ce, kuma mun san haka. Yaro ƙarami kuwa ba shi da ikon yafewa, ba kuma wanda ke da ikon yafewa a madadinsa.

Kafin ma a kai ga rabo akwai tambayar da akan manta. Shin duk abin da ke cikin adakar na mamacin ne? Mutanen da sun kasance suna ba juna ajiya ba tare da takarda ba, kuma adakar maigida ita ce bankin gidan. Mai yiwuwa liyari goma daga ciki na uwargida ne, na sadakinta ko na gadon mahaifiyarta. Mai yiwuwa wani ƙunshi ajiyar wani aboki ne da ya tafi Makka ta ƙasa bai komo ba. A tambayi matan gidan da tsofaffin abokan mamaci tun kafin a ƙidaya.

Ga misali don a fahimta. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da ƴaƴa maza biyu da mata uku, kuma aka sami liyari 40 iri ɗaya. Matar tana da sumuni, wato 5. Kowane namiji 10, kowace mace 5. An gama, ba sai an sayar da ko ɗaya ba. Matsala tana tasowa ne in ƙunshin gauraye ne, domin a nan rabo da ƙidaya zalunci ne. Ɗan ƙaramin sulen zinariya na tamma ashirin, wanda zinariyarsa ba ta kai giram 6 ba, yakan fi liyari goma daraja. Sulen Ingilishi na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma bugawa da tagulla, ga suna ɗaya, ga girma ɗaya. In aka ce kowa ya ɗebi bakwai bakwai, wani ya tafi da dukiya, wani ya tafi da ƙarafa.

Ke nan ba makawa sai an ƙimanta. A nan ne rashin sani ke cin magada ta fuska biyu. Na farko shi ne wanda yake ganin tarkace ne, ya bayar a banza. Na biyu, wanda ya fi yawa a yanzu, shi ne wanda ya ji jita-jita cewa tsohon kuɗi na kawo miliyoyi, ya duba liyarinsa ya ga an rubuta 1780, ya ce lalle wannan ya haura shekara ɗari biyu. Ya ɗan'uwa, ka sani Mariya Tereza ta rasu ne a 1780, kuma saboda mutanen ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan ba sa yarda da wani kuɗi sai shi, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a canja ba. An buga a Biyana, an buga a Roma da Landan da Paris da Bombai a ƙarni na 20, har adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka mafi yawan liyarin da ke gidajenmu darajarsa ita ce darajar azurfar da ke cikinsa da ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan ba abin rainawa ba ne, liyari 40 sun fi giram 900 na azurfa. Amma ba su ne miliyoyin da ake mafarki ba, kuma an sha ganin ƴan'uwa sun daina gaisawa saboda ɗaya yana zargin ɗaya da ɓoye dukiyar da tun asali babu ita.

Gaskiya ne akwai masu tara tsofaffin sulalla a duniya, kuma sukan biya fiye da darajar ƙarfe. Abin da suke dubawa shi ne ƙarancin irin sulen, da shekarar da aka buga shi da wurin da aka buga, da kuma lafiyar jikinsa. Wanda aka huda aka rataya a wuya, ko aka liƙa masa kunne, ko ya shafe don yawan shiga hannu, ya fita daga wannan sahu. Kuma kada a goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Gogewar rage masa kuɗi take yi a wajensu. Sauran sulalla na tagulla da farin ƙarfe, yawancinsu darajarsu kaɗan ce. Tamman Faransa na baya-bayan nan ma, tun da aka koma kuɗin yuro a 2002, babban bankin Faransa ya rufe karɓar sulallansu a watan Fabrairu na 2005.

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Ga dillali ko maƙeri wanda ya san azurfa da zinariya, ya san farashin giram a yau. Ga tsohuwa ta zo masa da ƙunshi ba ta san komai ba. Ya taya kaɗan, ta sallama da murna. Ya yi laifi?

Mai kare shi zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi: ai duk kasuwanci a kan bambancin sani ya ginu. Mai sayen wake a ƙauye yana saye ne don ya san abin da zai samu a birni. Sanin nan da dillali ke da shi ba a hanya ya tsinta ba, shekaru ya yi yana koyo, ya sha sayen jabu ya yi hasara ba wanda ya rama masa. Bai yi ƙarya ba, bai tilasta ta ba, ta yarda. Shari'a kuma ba ta yanka wa riba iyaka ba. Har ma mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil, shi ne ba a warware ciniki don kawai ɗaya ya yi wa ɗaya wayon farashi.

Duk wannan haka yake, amma a kasuwar da mutum biyu suka tsaya kowa da idonsa, kowa yana iya zagayawa ya tambaya. Malamanmu sun ware wani hali daban, wanda suke kira cinikin mai miƙa wuya: mutum ya ce, ni ban san farashi ba, ka saya a hannuna yadda kake saye a hannun mutane. Daga lokacin da ya faɗi haka, ya ɗora maka amana, kuma in ka tauye shi yana da ikon warware cinikin. To tsohuwar da ta kwance ƙunshinta ta ce, ɗana, duba mini ko wannan wani abu ne, me ta yi in ba miƙa wuya ba? Tambaya ta zo yi kafin ta zo sayarwa. Wanda aka tambaya ya amsa da tayi maimakon ya amsa da gaskiya, ya sa rigar mai ba da shawara ne ya ci kasuwa da ita. Yardar da ta yi kuwa yarda ce da ta ba da tarkace. Ba ta taɓa yarda ta ba da zinariya a kan kuɗin tarkace ba. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa, a littafinsa Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, ya ba wanda aka tauye damar kai ƙara in ya kasance jahili ne ga abin, tauyewar ta kai sulusi ko fiye, kuma shekara ba ta wuce ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa, kuma daga hikimomin da malamai suka ambata har da kare baƙon da bai san farashin gari ba tukuna.

A ganina, dillali yana da haƙƙin ya ci ribar saninsa, amma a bayyane. Ya ce: wannan azurfa ce, nauyinta kaza, giram yau kaza ne, ni zan saya ƙasa da haka da kaza domin ni ma in samu. In ta sallama, halal ɗinsa ne. Ko kuwa ya karɓi ladan ƙimantawa ya bar ta ta kai inda take so. Abin da bai kamata magada su yarda da shi ba shi ne mai ƙimantawa ya zama shi ne mai saye. Wannan an ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kurar mai tsoron Allah ce an sa ta cikin jarrabawa. A kai wa maƙera biyu ko uku waɗanda ba su san da juna ba, a auna a gaban shaidu, a gwada da mayen ƙarfe domin azurfa da zinariya ba sa binsa, a rubuta.

Wanda lamarinsa ya fi na dillali muni shi ne magajin da ya je a ɓoye ya gano darajar ƙunshin, sa'an nan ya dawo ya ce wa ƙannensa, ku bar mini waɗannan ƙarafa in ba ku jika biyar biyar ku sha ruwa. Dillali baƙo ne, ana iya yin hattara da shi. Wannan kuwa da zumunci ya yi farauta. In a cikin magadan akwai marayu ƙanana, to ya karanta aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ya ga makomar mai cin dukiyarsu. Saboda irin wannan ne Muhtasar ya hana wasiyyi ya sayi wani abu daga tarikar da ke hannunsa, in kuma ya saya alƙali ya bincika cinikin.

Mai sayarwa shi ma akwai nasa. In wani baƙo, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ya ga 1780 ya ɗauka tsohon gaske ne, kai kuwa ka san ba haka ba ne, kada ka rantse masa cewa tun zamanin kakan kakanka yake. In ka san a ciki akwai na jabu, ka ware ka faɗa. Ba daidai ba ne mu yi kukan an cuci tsohuwarmu da safe, da marece mu cuci baƙon wani.

Sai yadda ake sayarwa, domin zinariya da azurfa suna da hukuncin da sauran kaya ba su da shi, ko da an daina ciniki da su a matsayin kuɗi. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya shar'anta cewa in za a musanya azurfa da azurfa, ko zinariya da zinariya, sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu. In jinsi ya bambanta, farashi yadda aka shirya, amma dai hannu da hannu. Saboda haka ba a ba da liyari ɗaya a karɓi mundayen azurfa da suka fi shi nauyi, da hujjar cewa shi tsoho ne. Mafita mai sauƙi ce: a sayar da shi da sefa a kan duk farashin da aka yarda, sa'an nan a sayi abin da ake so. Amma tun da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa, to ba a sayar da su bashi. Dillalin da zai ce kawo in kai Kano, in na dawo in biya ka, ko dai ya biya nan take, ko kuwa ya tafi da su a matsayin wakili mai la'ada sananniya, abin yana nan mallakar magada har ya sayar. Kuma kada a sayar da ƙunshin a dunƙule ba a ware ba. Sahabi Fadala ɗan Ubaid ya sayi wata sarƙa a Haibara da dinari 12, da ya kwance ta sai ya tarar zinariyar cikinta ta fi abin da ya biya, Annabi kuwa ya yi umurni kada a sayar da irinta sai an rarrabe. Risala ma ta cire dinari da dirhami bugaggu daga abin da ake saye da kintace. Sulallan tagulla da aka daina amfani da su kuwa kaya ne kamar sauran kaya.

Wasu sukan ji ƙyamar hoton da ke jiki, har su yi gaggawar rabuwa da shi ko ta halin ƙaƙa. Su kwantar da hankali. Sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotunan sarakunansu, kuma sai a shekara ta 77 bayan Hijira, zamanin Halifa Abdul Malik ɗan Marwan, aka buga dinari mai rubutu zalla.

Zakka kuwa, nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato kamar liyari 26 in aka yi lissafi da azurfarsu zalla; na zinariya dinari 20, kimanin giram 85. Ba a kan ƙunshin gaba ɗaya ake dubawa ba, kowane magaji rabonsa zai haɗa da sauran kuɗin da ya mallaka, kuma abin da ya gada shekararsa tana farawa ne daga ranar da ya karɓa. A misalinmu na baya ba wanda liyarinsa kaɗai suka kai nisabi.

Shin a sayar ne ko a ajiye? Baligi mai hankali rabonsa nasa ne. In ya ajiye yana fitar da haƙƙin Allah, ba ya cikin masu taskacewa da aka zarga; waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 sun san dalilin da ya sa tsofaffi ba sa sakin azurfa. In magada duka sun yarda su ba gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai wani abu daga ciki don na baya su gani, wannan ma kyauta ce daga dukiyarsu. Rabon maraya ne kaɗai ba a taɓawa sai da maslaharsa, kamar ci da sutura da karatu da magani. In babu wannan buƙata, a ƙidaya nasa, a auna, a rubuta iri da nauyi a takarda biyu da sa hannun shaidu, ɗaya a wajen waliyyinsa, ɗaya a wajen liman ko alƙali, har ranar da zai kai munzalin karɓar abinsa.